Sunan Ɗan Farin Goggo Rabi

Shekara arba'in da shida Goggo Rabi tana da ɗa namiji, ko sau ɗaya sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ɗan fari ne. A rugarsu da ke bayan Sule Tankarkar wannan ba abin mamaki ba ne, don uwarta ma haka ta yi da nata har ta koma ga Allah. In Goggo za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". In ya faranta mata ta ce "mai shanun nan". In kuwa ya ɓata mata rai, sai ta dubi ƙanwarsa Safiya ta ce, "Yayanki dai!" Ko ranar da ya faɗa rijiya yana ɗan shekara bakwai, ihu ta yi tana kiran mutanen ruga ɗaya bayan ɗaya, amma nasa sunan bai zo ba. Aka yi ta yabonta da kunya. Ita kaɗai ta san da ƙyar ta riƙe sunan ranar.

Wancan ɗin ya girma ya zama mai lodin shanu. Duk Alhamis yana kasuwar Maigatari, ya cika tirela, ya haye sama ya kwana biyu a hanya cikin ƙahoni har Legas. A tafiyarsa ta ƙarshe, wajen sauke kaya, wani bijimi ya maka shi da ƙarfen mota. Abokin sana'arsa Ubale ne ya bugo wa Safiya waya, ya ce kwana uku ke nan bai buɗe ido ba. Likita ya ce a kawo wanda ya fi sanin muryarsa, ya riƙa kiran sunansa a kunne, wani lokacin sukan juyo. Ubale ya ce kuma kada su kuskura su biyo mota, kwana biyun nan babu tabbacinsu. Ƙungiyar 'yan shanu ta yankar musu tikitin jirgin sama na ƙarfe huɗu na yamma, gobe.

Safiya malamar firamare ce a Gumel. Ta hau acaɓa ta zo ruga da labarin, ta faɗa wa uwarta komai tana kallon ƙasa, ta bar maganar likita a ƙarshe.

"Goggo, cewa ya yi a kira sunansa."

Goggo ta ci gaba da ninke zanenta kamar ba da ita ake ba. Amma a ranta ta riga ta yanke. Za ta kira shi. Za ta sunkuya ta sa bakinta a kunnensa ta faɗa, duk wanda zai yi mata gori a ruga ya yi.

Suka kwana a Gumel. Safiya, wadda ita ma ba ta taɓa hawa jirgi ba amma ta tambayi waɗanda suka hau, ta zauna tana yi wa uwarta karatu: ba a shiga da ruwa, ba a shiga da ƙarfe, in an ce tsaya ki tsaya. Goggo ta ce ta ji. Jakarta ba wani abin kirki a ciki: zane biyu, carbi, 'yar tabarmar salla, sai ƙulle-ƙulle bakwai na garin sassaƙe da Bappa mai magani ya ba ta, wanda ake turarawa ga wanda ya bugu a ka. Matsalar ita ce mundaye biyu na tagulla da ke hannunta na hagu. Maƙeri ne ya matse mata su tun tana budurwa, hannu kuwa ya yi kauri tun daga nan. Safiya ta kawo sabulu, ta kawo man gyaɗa, ta ja har fatar ta yi ja. Mundaye suka ce suna nan.

"Bar su," in ji Goggo. "Ko mai wankan gawata sai dai ta haƙura da su."

Da sassafe suka kama hanya. Wanda ya saba bin hanyar nan ya san ba nisanta ke gajiyarwa ba, tsaye-tsayen ne. A tsaya, a leƙo, a tambayi direba abin da aka tambaye shi a shingen baya, a buga bayan mota a ce a tafi. Goggo ba ta ma ganinsu. Tana can ƙuryar kujera ta ja mayafi ta rufe baki, tana gwada sunan. Da suka zo Gagarawa Tasha, direba ya tsaya zuba ruwa a mota, ta motsa leɓɓanta da shi tun daga farko har ƙarshe, ba sauti. Sai ta ji kunya ta kama ta, tsohuwa da ita, kamar an gan ta tana satar nono. Ta ce a ranta sautin farko ba iska za ta ba wa ba, kunnen mai shi zai shiga.

Ƙarfe biyu saura suka isa filin jirgin sama na birni. Sanyin wurin ya fara ba ta haushi tun daga bakin ƙofa, sai kuma layi. Goggo ta ga layi a rayuwarta, na rigakafin shanu, na katin zaɓe, amma ba ta taɓa ganin layin da dattawa ke tuɓe takalma suna zubawa a farantin roba ba. Wani tsoho a gabansu an sa shi ya cire bel, ya tsaya riƙe da wando da hannu ɗaya, ɗayan kuma a sama, gemunsa fari fat, yana murmushin da mutum ke yi in ya rasa yadda zai yi da fuskarsa. Ana cikin haka wani mai babbar riga ya zo da mutum uku a bayansa, aka sara masa, aka buɗe masa ta gefe ya wuce da takalmansa a ƙafa. Goggo ta ɗauka ko shi ne mai jirgin.

Safiya ta wuce ta ƙofar ƙarfen nan mai binciken jiki shiru. Goggo ta sa ƙafa, ƙofa ta tsala kuka.

"Mama, koma baya. Sake shigowa."

Mai maganar wata matashiya ce cikin kayan aiki, an rubuta sunanta a ƙirji, Angela, ko da yake Goggo ba ta iya karantawa ba, daga baya ta ji ana kiranta. Hausarta tas, sai dai muryar ta gaji. Idanunta sun yi ja, tana tsaye tana sauya ƙafa, ka san tun asuba take wurin. Goggo ta koma ta sake shigowa, ƙofa ta sake kuka.

"Cire waɗannan na hannunki."

"Ba sa fita, 'yar nan."

"Komai yana fita, Mama."

"To bismilla."

Angela ta ja, ta murɗa, ta haƙura. A daidai lokacin ne mai kallon allon na'ura ya ɗaga hannu, ya sa aka dawo da jakar Goggo aka sake tura ta ciki. Aka buɗe, aka zazzage zannuwanta a kan tebur a gaban jama'a, har da na ciki. Ga ƙulle-ƙulle bakwai na gari a leda, an ɗaure kowanne tamau da zare. Ma'aikatan suka dubi juna. Safiya ta taso da bayani, aka ce ta bi wani namiji zuwa wancan ɗakin, uwarta kuma ta bi Angela zuwa wannan.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, labulensa bai kai bango ba, ana hango ƙafafun masu wucewa. Angela ta sa safar hannu ta roba, ta ce a cire mayafi, a cire ɗankwali. Goggo ta cire. Rabon da wani baƙo ya ga kanta a buɗe tun rasuwar mijinta, da mata suka tsefe mata kitso. Yatsun roba suka bi cikin furfurarta layi-layi, suka sauko wuya, suka bi ƙarƙashin hammata, suka zagaya ƙugu, suka gangara inda ko ungozoma sai ta nemi izini. Goggo ta kafa ido a kan wata tsaga da ke jikin bango. Ba ta ji fushi ba, wata irin gajiya ta ji. Ta ce a ranta a yi a gama, jirgi dai take so.

Ba a sami komai ba sai tsohuwa. Angela ta cire safar, ta jawo takarda da biro, ta zauna da nishi. Na'urar gwada gari ta lalace tun makon jiya, in ji ta, saboda haka sai an yi tambayoyi.

"Garin mene ne wannan?"

"Magani ne. Na kai."

"Wa za ki kai wa?"

Goggo ta kawar da kai. "Wancan da ke asibiti."

"Wane ne wancan?"

"Yayan yarinyar nan da muka zo tare."

"Ɗanki ne ke nan?"

Goggo ta yi shiru, don ko wannan ɗin ba a amsa shi kai tsaye. Can ta ɗan gyaɗa kai.

"To mene ne sunansa?"

A nan ne abin ya tsaya. Goggo ta sunkuyar da kai, ta kama gefen zanenta tana murzawa. Duk macen da ta tashi tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, in ta ga wannan sunkuyon ta san abin da ta gani, sai ta yi dariya ta canja magana. Angela kuwa a wajen horo an koya mata wani karatun dabam: wanda ya ƙi haɗa ido, wanda yake murza tufafinsa, wanda aka yi wa tambaya mai sauƙi ya kauce, a sa masa ido. Ga su nan duka uku a gabanta, a jikin mutum ɗaya, ga kuma gari a leda.

"Ki tambayi Safiya," in ji Goggo. "Ta sani."

"An tambaye ta, ta faɗa. Naki nake so in ji, mu ga ko ya zo ɗaya."

"Ai ɗaya ne. Mutum ɗaya ne."

"To faɗa mana."

"Mai lodin shanu ne a Maigatari. Kowa ya san shi. Dogo ne, yana da tabo a nan, tun da ya faɗa rijiya."

"Mama, ban tambaye ki tabo ba." Angela ta ajiye biro ta matse goshinta da yatsu biyu. "Wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba? Kin san mata nawa aka ba wa ƙulli a bakin ƙofar nan aka ce su riƙe wa wani? Tsofaffi irinki. Wallahi ba na son in riƙe ki. Kalma ɗaya ce, ki faɗa ki tafi."

Wannan tambayar ta wace uwa ce, ita ta fi yatsun robar zafi. Goggo ta so ta ce mata ita ce ta ji sunan kafin kowa, ranar da aka raɗa shi, tana bayan zana tana kuka a ɓoye. Ta so ta ce shekara arba'in da shida tana riƙe da shi, kuma yau ɗin nan, yau da magariba, take da niyyar ba wa mai shi. Amma yaya za a yi ta faɗa wa baƙuwa wannan? Bayanin ma ai wani tsiraicin ne.

Angela ta fita neman ogansu, aka ce ya je ɗaya ɓangaren. Ta dawo ta zauna. Ta sake fita, ta sake dawowa. Lasifika ta yi magana da Turanci, Goggo ba ta ji komai ba sai kalmar Legas. Bayan ɗan lokaci ta sake yi, nan ma Legas. Daga can wani ɗaki ta jiyo muryar Safiya ta tashi sama, tana roƙo, muryar da ba ta ji ba tun Safiya na yarinya.

"Kiran ƙarshe ke nan," in ji Angela a hankali, ba tare da ta ɗago ba.

Goggo ta dubi takardar, ta dubi biron, ta dubi yarinyar nan mai jajayen idanu wadda ba ta san ta ba, ba kuma za ta sake ganinta ba. Ta ga cewa in ta riƙe sunan, ba za ta kai ga kunnen ba. Ta buɗe baki.

"Sha'aibu."

Ya fito sarai, ba rawar murya. Ɗakin bai tsage ba, ba abin da ya faɗo. Angela ta duba wata 'yar takarda da aka miƙo mata daga ɗaya ɗakin, ta ga ya zo ɗaya, ta rubuta, ta ja layi a ƙasa, ta jefa takardar cikin durowa kan 'yan'uwanta.

"Kin gani? Da tun ɗazu kin faɗa."

Sai ga ogan ya ɗaga labule, wani mai furfura a gefen kai, ana ce masa Zakka. Angela ta yi masa bayani da sauri: gari a leda, mundaye, ta ƙi faɗin sunan ɗanta fiye da awa ɗaya. Ya ɗauki ƙulli ɗaya ya shinshina, ya ajiye. Ya dubi mundayen, ya dubi tsagen fuskar Goggo, ya ga kanta a buɗe, sai ya kawar da idonsa.

"Ɗan fari ne ko, Mama?"

Goggo ta gyaɗa kai.

"Kash!" Ya juya ga Angela. "Ni a Gumel na yi firamare, babana ma'aikacin dabbobi ne. Waɗannan ba sa faɗin sunan ɗan fari, ko da wuƙa a wuya. Da kin jira ni."

"Ta faɗa, Oga," in ji Angela.

Zakka ya ɗauko ɗankwalin Goggo daga kan kujera da hannu biyu ya miƙa mata. Angela ta ce ba a koya musu wannan ba a wajen horo, ta faɗa ne da ƙaramar murya, ba ta san ma wa take faɗa wa ba. Ita ta tattara zannuwan da kanta ta mayar cikin jaka, har da ƙulle-ƙullen bakwai.

Zakka ya riƙe jakar ya yi gaba da gudu, Safiya na jan hannun uwarta, Goggo na bin su ba takalmi. Sun tarar an rufe ƙofa. Ta cikin gilashi suka ga jirgin yana ja da baya a hankali, kamar saniyar da ta ƙoshi ta bar kwami. Zakka ya yi magana da masu tikiti, ya roƙa, ya ɗaga murya, aka mayar musu da tafiyar gobe, ƙarfe huɗu. Ya ba su haƙuri har sau uku. Goggo ta ce ba komai, ta tambaya ina takalmanta.

Sun kwana gidan wata ƙawar Safiya a birnin. Da hantsi, suna shirin komawa filin tun da wuri don kada a maimaita, wayar Safiya ta yi ƙara. Ubale ne. Safiya ta saurara, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ya ce yayanta bai farka ba har ya cika, kuma za a yi masa sutura can kafin azahar, don gawa ba ta jiran jirgin ƙarfe huɗu. Goggo ta yi salati, ta maimaita, ta ɗaura mayafinta. Ba ta yi kuka ba. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane, wannan ma yana cikin abin da aka koya mata.

Suka juyo gida ta hanyar da suka bi jiya. Shingayen suna nan inda aka bar su, a tsaya, a leƙo, a buga bayan mota. A Gagarawa Tasha direban ya tsaya cin abinci. Safiya tun jiya ba ta sa komai a cikinta ba, fuskarta ta kumbura, sai Goggo ta sayi lemo biyu ta taga. Ta jawo jakarta, ta zura hannu cikin naɗin tabarmar salla, ta zaro 'yar wuƙarta mai kube na fata, wadda take yankan goro da igiyar maraƙi da ita tun kafin a haifi Safiya. Ta fara feraye lemon.

Safiya ta zuba wa wuƙar ido.

"Goggo, wannan tana cikin jakar jiya?"

"Ina za ta je?"

"Na ce miki ba a shiga da ƙarfe."

"Ƙarfe kika ce. Ban ɗauka har da wuƙata ba."

"Sau biyu fa suka tura jakar nan cikin na'ura! Suka zazzage ta a gaban mutane!"

"To ba ita suke nema ba ke nan."

Safiya ta yi wata dariya mara daɗi, wadda ta ƙare da kuka, ta kifa kai a bayan kujerar gaba. Goggo ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta miƙa mata lemon. Ta sha kaɗan, ta goge fuska da gefen hijabi.

"Me suka tsare ki a kai ne har awa guda? Ni sunan Yaya kawai suka tambaye ni."

"Ni ma shi ne."

Safiya ta juyo gaba ɗaya. Ta daɗe tana kallon uwarta, tsoro ya hana ta tambaya, rashin tambayar kuma ya gagare ta.

"Kin faɗa?"

"Na faɗa." Goggo ta goge wuƙar a zanenta, ta mayar cikin kube. "Ta rubuta a takarda ta jefa a durowa."

Direba ya dawo yana suɗe hannu, ya ce kowa ya shigo. Goggo tana kallon waje, inda wata tirelar shanu ta taso daga wajen Maigatari, da mutane zaune a samanta cikin ƙahoni.

"Sunan ya fito da kyau kuwa," ta ce. "Ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Da shi ne ya ji, da ya juyo."

Mota ta tashi. Ta ja mayafi ta rufe bakinta, ba ta sake magana ba har Gumel.